Bokiti a Wuyan Tsintau

"Safiyatu, taimaka ki kama min baron nan, zai kife!"

Na ɗago kai daga kaskon awara, sai ga Baba Ndagi tsaye a bakin kwata, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf, ƙafar baron ta faɗa rami. Cikin baron, a kan wata tsohuwar tabarma, karensa Tsintau ne kwance kamar gawa, harshe a waje, an aske masa ciki an ɗinke. Sannan an fasa gindin wani shuɗin bokitin roba an zura masa a wuya, kansa na ciki sai ka ce bakin lasifika.

Majalisar da ke zama a ƙofar shagon Alhaji Salman, tsallaken hanya, ta fashe da dariya.

"Ndagi, amarya ka ɗauko mana yau?"

"Wace amarya? Ɗan siyasa ne, ba ka ga lasifikarsa ba!"

Cikin masu dariyar har da maigidana Lukuman, yana yi yana bubbuga cinya. Na harare shi, na bar awarata a wuta, na je na kama hannun baron ɗaya muka ciccibo shi daga ramin.

"Haba Baba, me ya hana ka hau napep?"

"Na tsayar da su, 'yata. Kowa ya leƙa ya ga kare sai ya ja abinsa."

Wato tun daga asibitin dabbobi ya turo shi a ƙasa, cikin ranar nan ta bazara mai gasa ƙwaƙwalwa. Tsoho ɗan saba'in da ɗoriya, ga robar fitsari ɗaure a cinyarsa ƙarƙashin wando. Na san da ita, mutanen bencin ma sun sani, amma ba wanda ya ɗaga ɗuwawunsa.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasa. Banufe ne, daga wajen Bida ya zo Kontagora tun kafin a haife ni, sana'arsa gyaran famfon burtsatse da injin ban ruwa. In famfon ƙofar masallacinmu ya tsaya shi ake aika wa, ya zo da jakar sifanunsa ya kwance ya ɗaure, a ce masa Allah ya saka da alheri. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ɗaya tilo, Ruka, tana aure can Bida. Duk da haka zaurensa a da ba ya rabo da mutane, wannan ya zo aron guduma, wancan ya zo sauraron rediyo. Ni kuma kowace safiya in na dama kokon sayarwa, kwanonsa nake fara cikawa, don shi ya tsaya min kamar uba lokacin da nawa ya rasu.

Karen ne ya kore su. Wata rana yana dawowa daga gyaran famfo a Beri, ya tarar babur ɗin masu sayen karnuka ya faɗi a hanya, kejin ƙarfen ya fashe. Sun kwashe sauran sun tafi, suka yar da wannan a gefen titi suna zaton ya mutu. An ɗaure masa baki da waya, haƙoransa sun karairaye wajen cizon ƙarfen keji. Baba ya yanke wayar da filaya, ya sako shi a buhu ya kawo gida, ya raɗa masa Tsintau. Da Nufanci yake masa magana, har karen ya tashi bai san Hausa ba.

Daga ranar ƙafa ta ɗauke. Alhaji Salman ya ce mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da kare, to shi wane ne da zai shiga inda mala'iku suka ƙi?

"Na ji, kuma ban musa ba," in ji Baba. "Amma malamin da ya karantar da kai wannan, bai karantar da kai labarin wanda ya shayar da kare ruwa aka gafarta masa ba? Ka ɗauka gadi yake min."

"Gadi da wane haƙori?" in ji Alhaji, aka sake dariya.

Shi ke nan, aka koma gaisawa da shi daga bakin hanya. In famfo ya lalace, a tsaya nesa a ƙwala masa kira. Ni ma ba son kare nake ba, Allah na gani, in ya shinshine min zani sai na wanke. Amma ba zan ajiye wa tsoho abinci a ƙofa kamar mai kuturta ba, shiga nake in miƙa masa a hannu.

Ƙarshen daminar bara Tsintau ya fara kuka in zai yi fitsari. Ba haushi ba, wani irin kuka siriri mai shiga har cikin ɓargo. Ya ɗaga ƙafa ya yi ta nishi, ɗigo ya fito da jini-jini, ya koma ya sake ɗagawa. Bakinsa kuma ya ruɓe, wari kamar mushe, ko tuwo ba ya iya taunawa. Unguwa ta dami Baba da ƙorafi, wai karensa na kira mana mutuwa.

Abin haushin, a daidai lokacin ne shi ma nasa fitsarin ya toshe. Aka sa masa roba a asibiti, aka ce sai ya je Minna a yi masa aiki, har rana aka ba shi. Ina nan zaune gaban kaskona ranar da ya je majalisa ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Jama'a, zan kwanta asibiti. Ko akwai wanda zai riƙa leƙa min karen nan?"

Kowa ya shiga duban ƙasa. Wani ya ciro waya ya kara a kunne, ba wanda ya kira shi.

"Ndagi, shawara ɗaya ce," in ji Alhaji Salman. "Masu kejin nan suna wucewa duk ranar kasuwa. Ka huta, mu ma mu huta."

Baba ya mayar da hularsa ya juyo. Na tare shi na ce ni zan riƙa ba shi abinci, ya tafi ya nemi lafiyarsa.

"Ba abinci ba ne, 'yata. In na bar shi a haka, fata zan dawo in tarar. Likita Priscilla ta ɗauki hoton cikinsa, ta ce tsakuwa ce a mafitsara, kuma sai an cire ruɓaɓɓun haƙoran. Bari a fara da shi."

"Kai fa? Ranar da aka ba ka fa?"

"Za a ba ni wata. Ke ba ki san ciwon nan ba, Allah kada ya sa ki sani. Ni in ya kama ni ina da bakin cewa wayyo, a kai ni asibiti. Shi fa? Ina so in ji ya yi fitsari ba kuka, ko sau ɗaya ne. In na ji, sai in tafi nawa da kwanciyar rai."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na kira Ruka a waya ta yi nata kukan. Tsohon nan taurin kai gare shi kamar ƙwallon goruba. Ya sayar da babur ɗinsa aka yi wa kare tiyata, abin da ya sa ka gan shi da baro ke nan.

Da muka shigar da baron tsakar gida ranar, ya ciro wata 'yar kwalba daga aljihu ya girgiza min. Duwatsu ne a ciki masu kaushi, babban ya kai ƙwallon dabino, ga guntayen baƙaƙen haƙora.

"Dubi abin da yake ɗauke da shi, yana kuma kaɗa min jela kullum."

Washegari Likita Priscilla ta zo da kanta a kan babur ta yi masa allura. Doguwar mace ce mai saurin magana, ba ta wasa da aikinta. Ta ce kada a cire bokitin ko da wasa, don kada ya lashe ɗinkin. Abinci mai ruwa-ruwa kawai. Ta juyo gare ni ta ce, "Maman Karima, yawu zai riƙa dalala daga bakinsa, wani lokaci da jini, saboda ramukan haƙoran. Kada kowa ya tsorata, ba hauka ba ne." Da dare ya yi na faɗa wa Lukuman wannan maganar kalma da kalma, ya ce min shi ina ruwansa da yawun kare.

Kwanakin da suka biyo baya, in na shiga da koko sai in tarar da Baba zaune a ƙasa, ya miƙe ƙafa, kan kare da bokitinsa a cinyarsa. Ya murmushe busasshen kifi cikin kunu, yana ɗura masa da cokali yana masa wata waƙa ta Nufanci. In Tsintau ya miƙe ya nufi gindin katanga, sai Baba ya ɗaga min hannu in yi shiru. Mu kasa kunne. Kukan ya ragu, amma yana nan, ɗan siriri a ƙarshe.

"Saura kaɗan," ya kan ce. "Wurin ɗinkin ne ke masa zafi."

Shi kuwa ƙafafunsa sun kumbura, idonsa ya yi ja, in ya miƙe sai ya dafa bango. Wata safiya ya kama min gefen mayafi.

"In wani abu ya same ni, kada ki bari ya koma kejin nan."

"Haba Baba, wace irin magana ce wannan da sassafe?"

"Ki ce kin yi alkawari."

"Na yi."

Ana haka ƙanwata Amatullahi ta haihu a Ibeto, ranar suna ta zo. Dole in yi sammako, don ni ce babbar yaya, ba a fara komai sai na iso. Na dama koko tun asuba, na cika kwanon Baba, na haɗa na karen daban. Ƙofarsa na rufe, da alama ya koma ya ɗan kishingiɗa bayan salla. Na tsaya kan Lukuman yana lazimi.

"Baban Karima, don girman Allah, in gari ya waye ka shiga ka miƙa masa a hannu. Ka dubi fuskarsa. Jiya jiri ya kusa kayar da shi."

"Na ji."

"Shiga fa na ce, ba sallama daga waje ba."

"Ke, na ce na ji! Kurma ne ni?"

A Ibeto an yi suna lafiya, an ci an sha, amma ni raina bai kwanta ba. Na kira wayar Baba tana ta ringi ba a ɗauka. Na kira Lukuman ya ce ya kai koko tun da safe, in bar damunsa yana kasuwar hatsi. Mata na cewa in tsaya a raba kayan barka, na ce su raba, na nemi mota.

Bayan la'asar ɗan acaba ya sauke ni a ƙofar gida. Abin da na fara gani kwanukana ne guda biyu a dokin ƙofar zauren Baba, a rufe yadda na rufe su, tururuwa ta yi musu layi. Daga ciki wani sauti ke fitowa, ba kuka ba, ba haushi ba, muryar ta riga ta dishe. Na yar da jakata na kutsa.

Baba na kwance a tsakiyar gida kusa da randa, inda babu inuwar komai. Buta a kife gefensa, takalmi ɗaya a ƙafa. Bakinsa ya karkace, leɓɓansa sun tsattsage, hannunsa da ke waje rana ta gasa shi ya yi jawur. Tsintau na kwance jikin kansa, ya ɗora wuya a kafaɗarsa, bokitin nan ya rufe wa Baba fuska daga rana. Ko da gangan ya yi, ko dace ne, Allah kaɗai ya sani. Ƙarƙashin cikin karen ƙasa ta jiƙe da jini.

"Baba! Baba!"

Idonsa ɗaya ya motsa. Da ransa. Na kwarara ihun da ban san ina da shi ba, na fita hanya ba mayafi.

Sai ga mutanen majalisa sun shigo a guje, har suna ture juna a zaure. Gidan da suka shekara suna kewaye shi, yau ga su tsakiyarsa, ba wanda ƙasa ta haɗiye. Aka ɗauko motar Alhaji Salman. Lokacin da ake ciccibarsa, idon nan ɗaya mai motsi bai kalli kowa ba sai karen, daga karen ya dawo kaina. Na gyaɗa masa kai.

A asibiti likitan ya ce jini ne ya hau ya buge shi, ga rana ta ƙarasa abin da ya rage. Ya tambaya tun yaushe ya faɗi. Muka dubi juna.

"Da an kawo shi da safe," ya ce, bai ƙarasa ba, ya juya ga ma'aikaciyar jinya.

Ana kiran magariba ya cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da muka dawo gida na rufe ƙofar ɗaki na tsaya gaban Lukuman.

"Faɗa min."

"Ƙaddara ce, Maman Karima. Kwanansa ne ya ƙare."

"Na san da ƙaddara tun kafin in san ka. Faɗa min abin da ka yi."

Ya sunkuyar da kai ya faɗa. Da safe ya tura ƙofar zaure ya yi sallama, ba a amsa ba. Sai karen ya fito a guje yana kuka, yawu na zuba, yana neman rarumar wandonsa. Shi kuma da kayan kasuwa masu tsabta a jikinsa, ya dire kwanukan ya ja da baya ya tafi.

"Na ɗauka yana bayi ne."

"Sai kuma me?"

Da azahar, suna layin alwala a bakin famfo, karen ya zo har wurin yana jan ƙafa da bokitinsa. Tunda yake bai taɓa zuwa ƙofar masallaci ba. Ya kama gefen babbar rigar Alhaji Salman da dasashi yana ja. Aka ga yawu da jini, wani ya ce, "Mahaukacin kare!" Aka hau shi da butoci da takalma. Ya gudu ya nufi gida, ya tsaya ya waiwayo, ya sake dawowa. Nan aka ɗauko duwatsu da wani guntun katako. Alhaji ya koma gida canza riga, har raka'a ta wuce shi.

"Na faɗa maka maganar yawun nan ko ban faɗa maka ba?"

"Kin faɗa. Ban tuna ba a lokacin."

"To da kuka tsaya sahu, ba wanda ya ce ina Ndagi? Mutumin da ko da robarsa ba ya fashin jam'i?"

Ya kau da kai. "An ce yana can yana jinyar amaryarsa."

Wallahi na tsani mijina a wannan lokacin, uban 'ya'yana, mutumin da ba ya duka, ba ya zagi, ba ya barin mu da yunwa. Na dube shi na ga baƙo. Kare mara haƙori, da ciki a farke, ya je har ƙofar masallaci ya kira su, ya koma ya sake kira. Tsakanin famfon nan da randar Baba, in ka yi tari a nan a can za a ji.

Da safe aka yi jana'iza. Aka ɗaure Tsintau a bayan gida jikin turken tsohuwar akuya, aka share tsakar gida aka yayyafa ruwa. Tun zuwan karen, ranar na fara ganin takalman maza jere a ƙofar gidan nan har bakin kwata. Alhaji Salman ne kan gaba wajen ɗaukar makara, shi ne mai karɓar gaisuwa, yana share ido da gefen rawani.

"Unguwa ta yi rashi. Mutum ne mai haƙuri. Yanzu wa zai riƙa duba mana famfo?"

Ihu bayan hari. Ina daga cikin gida ina ji, na cije mayafina don kada in yi abin da za a daɗe ana faɗa.

Ruka ta iso bayan an dawo daga maƙabarta, ko fuskar ubanta ba ta gani ba. Likita Priscilla ma ta zo ta zauna cikin mata ta yi ta'aziyya, sannan ta zagaya baya da jakarta. Na bi ta na riƙe mata kan karen. Ɗinki ya ɓalle ta gefe, haƙarƙarinsa ya kumbura.

"Wa ya doke shi a nan?" ta tambaya.

"Masu alwala."

Ta zare allura ta shiga ɗinki.

Ranar sadakar uku, an gama addu'a ana rabon waina, na ji ƙarar babur a ƙofa, tare da wani kuka da na sani. Na leƙa. Mai keji ne, da karnuka a cunkushe a bayansa, ga sandar nan mai zargen waya a hannunsa. Alhaji Salman na nuna masa hanyar bayan gida.

Na dubi Ruka. Ta fashe da kuka. "Yaya Safiyatu, ni ina zan kai kare? Maigidana ba zai yarda ba. Alhaji ya ce taimako zai yi min."

Muciya ce a hannuna, ina tuƙin tuwon baƙi. Da ita na fita na tsaya a ƙofar zaure na tokare.

"Malam, juya babur ɗinka."

"Hajiya, ni kirana aka yi."

"To ni kuma korarka nake. Ka sa ƙafa a zauren nan ka ga yadda ake tuƙa mutum."

"Safiyatu, ki ji tsoron Allah," in ji Alhaji. "Mai kare ya mutu. Wa zai riƙe najasa a unguwa?"

"Najasar ce ta zo kiranku, Alhaji. Ku masu tsarki me kuka yi? Rigarka ta wanku? Ai na ji har raka'a ka rasa saboda ita, sannu da ƙoƙari."

Masu cin waina suka tsaya da loma a hannu. Lukuman ya taso ya matso kusa da ni, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Maman Karima, kada ki kunyata ni cikin mutane."

"Kunyarka tana can dokin ƙofa inda ka ajiye ta, tururuwa ta gama da ita."

"To ki sani, kare ba zai shiga gidana ba."

"Ba zai shiga ba. Ruka! Kafin ku san yadda za ku yi da gidan nan, kin ba ni aron zaure?"

Ta fito tana share hawaye, ta kwance makulli daga bakin zaninta ta sa min a hannu. Mai keji ya tayar da babur yana gunaguni, wai dama wannan ba nama a jikinsa, sai ɗinki.

Tun daga ranar majalisa ta daina sayen kokona, yaransu ma can layin baya ake aika su. Lukuman yana cin tuwona, yana ajiye cefane, amma magana sai ta zama dole. Oho. Na kwashe murhuna da kaskona na mayar ƙofar zauren Baba, masu wucewa da 'yan makaranta sun ishe ni.

Wahalar da na sha da karen nan ba kaɗan ba ce. Ya ƙi ci. Ya je ya kwanta daidai inda Baba ya faɗi, rana ta buɗe a kansa ba ya motsi, sai na ja shi inuwa. In yi masa magana ya dube ni kawai, ba ya jin yarena. Na zauna a ƙasa, ni Safiyatu mai wanke zani in kare ya shinshina, na miƙe ƙafa na ɗora bokitin a cinyata, na murmushe kifi a kunu. Waƙar Baba ban san kalmominta ba, sai na riƙa yin muryar da hanci. Ranar ya karɓi cokali ɗaya, washegari ya lashe kwano.

Famfon masallaci kuwa ya tsaya bayan kwana kaɗan. Aka kira wani yaro ya kwance shi ya kasa mayarwa, hannun na nan rataye. Yanzu daga gida kowa ke zuwa da ruwan alwalarsa.

Wata safiya Likita Priscilla ta zo ta duba cikin, ta buɗe bakin ta leƙa, ta ce ramukan sun cike. Ta yanke zaren ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kwance igiyar ta zare bokitin. Wuyansa duk gashin ya kwanta. Ya girgiza kai kunnuwa suka yi fat-fat, ya tsaya yana kallon gefe da gefe kamar wanda aka buɗe wa taga.

Ya ratsa zaure ya fita, muka bi shi. Mutanen benci suka ɗaga ƙafafunsu sama. Bai ko kalle su ba, ya wuce gindin darbejiyar da ke gaban gidan, ya shinshina, ya zagaya, ya ɗaga ƙafa.

Na ɗaga wa Likita hannu ta yi shiru.

Ya zubo shaaa a kan busassun ganye, da ƙarfi, fari tas, ya daɗe yana zuba har ya yi 'yar hanya cikin ƙasa ya gangara kwata. Na jira kukan nan na ƙarshe. Bai zo ba. Ya sauke ƙafa, ya tona ƙasa da ƙafafun baya, ya kaɗa jela.

"Baba, ka ji?" Bakina ne ya riga ni, har na juya wajen zaure.

Baron na jingine da bango, tabarmar a naɗe a cikinsa, shuɗin bokitin a kife a ƙasa inda Likita ta ajiye shi. Tsintau ya zo ya wuce ta gefen ƙafata, ya shiga, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin yana kallon labule.